Shin furotin ɗin da ke kula da mutuwar ƙwaya zai iya faɗa mana yaron da zai warke daga sankarar jini?

Ɗan Aji Biyar:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Wata tambaya ce ta hana ni barci. A makarantar likitanci an ba ni aikin gabatar da maƙala a kan sankarar jini ta yara, irin nan da ake kira ALL, na zaɓi ɓangaren furotin ɗin da ke kula da mutuwar ƙwayar halitta. Abin da na fahimta shi ne, yawancin magungunan da ake ba waɗannan yara ba su ne ke kashe ƙwayar sankara da hannunsu ba. Rauni suke yi mata, ita kuma ta ƙarasa kanta. A cikin ƙwayar akwai masu hana ta mutuwa irin su BCL-2, akwai masu ingiza ta irin su BAX. To tunda haka ne, me ya hana ran da aka kawo yaro a ɗebi ɓargonsa a auna su biyun? In BCL-2 ya yi yawa mu san za a sha fama, in BAX ne ya rinjaya mu san da sauƙi. Tun kafin a ɗaura masa ruwan farko an san inda aka dosa. Amma na duba tsarin magani har kala uku, ban ga wannan awon a ko ɗaya ba. Me ya sa?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taka a hankali, ba kowa ne a zauren nan ya shiga ajinku ba. Bari in share fage kafin likitoci su iso.

Mutuwar ƙwaya iri biyu ce. Akwai ta haɗari, kamar wadda wuta ta ƙona ko jini ya daina isa gare ta: ta kumbura, ta fashe, ta ɓata maƙwabtanta. Akwai kuma ta tsari, inda ƙwayar ke tsukewa, ta yayyanka kayan gadonta, ta ƙulle kanta ƙulli-ƙulli, maƙwabta su haɗiye ta ba hayaniya. Wannan ta biyun ita ce afoftosis. Masana uku ne suka raɗa mata sunan a 1972 a Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan, Kerr da Wyllie da Currie, daga kalmar Girkanci mai nufin kakkaɓewar ganye daga bishiya. Da ita wutsiyar talibambam ke ɓacewa in zai zama kwaɗo. Da ita yatsun ɗan tayi ke rabuwa, don da farko a haɗe suke kamar ƙafar agwagwa. Lokacin da nake koyarwa nakan ba ɗalibai labarin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa da aka ƙirga ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya: 1090 ake yi, 131 su mutu, kullum kuma su ɗin ne dai, ba wasu ba. A kan wannan aikin Brenner da Sulston da Horvitz suka karɓi kyautar Nobel a 2002. To, ga fili ga mai doki.

Likitar Yara:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, ka rage mini aiki.

Ƙanina, tambayarka mai kyau ce, kuma ba kai ne ka fara yin ta ba. A shekarun 1990 ɗakunan bincike da dama sun yi wannan mafarkin naka, sun kuma auna. Ga abin da ya fito. A 1996 masu bincike na asibitin St. Jude a Amurka sun auna BCL-2 a ƙwayoyin yara sama da 300, ba su ga cewa masu yawansa sun fi faɗawa matsala ba. A 1999 wasu a Newcastle ta Ingila suka ba da rahoton cewa yaran da BAX ya yi yawa a ƙwayoyinsu su ne cutar ta fi dawo wa. Ka ji fa, BAX, mai ingizawa ga mutuwa. Shekara ɗaya bayan nan wasu a Balin suka kwatanta ƙwayoyin farkon cuta da na lokacin dawowarta, suka ga BAX ya ragu in an gwada shi da BCL-2. Wannan ya yi daidai da lissafinka, amma ya ci karo da na Ingila. Sai a 2007 daga Koriya ta Kudu aka zo da wani furotin mai suna libin, wanda aikinsa hana mutuwa ne, aka ce yaran da ke da shi sun fi samun sauƙi.

Yanzu ka faɗa mini, in kai ne za ka yanke wa ɗan shekara huɗu ƙarin magani mai iya taɓa masa zuciya, da wanne cikin huɗun nan za ka dogara?

Ɗan Aji Biyar:
Anti Dakta, kin ɗaure ni. Amma ai ba zai yiwu dukansu su yi daidai ba. Ko dai wasu ne suka yi kuskuren awo?

Na Ɗakin Gwaji:
Nan ne aka zo wajena. Ba sai an yi kuskure ba, ɗan'uwa. Abu ɗaya ake kira da suna ɗaya amma hanyoyin auna shi daban-daban. Wani saƙon da ƙwayar gado ta aika yake aunawa da PCR, hanyar ninka kayan gado har a iya gano su, ba furotin ɗin kansa ba, alhali saƙo na iya yawa furotin ya yi kaɗan. Wani narkar da ƙwayoyin yake yi gaba ɗaya ya auna, masu lafiya da na sankara a cakuɗe. Wani rini yake sa wa gilashi ya duba da madubi ya ce wannan ya yi duhu, wannan bai yi ba. Wani na'urar fulo yake amfani da ita, mai ƙirga ƙwaya ɗaiɗai da haske. Sannan kowa da inda yake ja layinsa tsakanin "da yawa" da "kaɗan".

Ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: ƙwayoyin ALL ba sa jure zama a kwalba. Na taɓa karɓar ɓargon da aka ɗiba tun da hantsi, bai iso hannuna ba sai bayan la'asar, an bar shi a kan tebur. Da na shafa a gilashi na duba, kusan rabin ƙwayoyin sun tsuke, cibiyarsu ta farfashe ƙwallo-ƙwallo baƙi ƙirin, wasu sun murje kamar an goga da yatsa. To wa zan auna? Waɗanda suka fi saurin mutuwa sun riga sun tafi, masu taurin kai ne suka rage. Shi kuwa MCL-1, ɗan'uwan BCL-2, ɗan gajeren rai ne, cikin 'yan sa'o'i yake lalacewa in ba a sabunta shi ba. Abin da ke kwalba da yamma ba shi ne abin da ke jikin yaron da safe ba.

Mai Haɗa Magani:
Malam, na yarda da batun awo, amma ko da an gyara awon tsaf matsalar ba ta kau ba. Shi ɗalibin namu ya ɗauki abin kamar sikeli mai faranti biyu. Gidan ya fi haka yawa. Masu hanawa akwai BCL-2, BCL-XL, MCL-1 da wasu. Masu huda maitokondiriya, wato injin wutar ƙwaya, su ne BAX da BAK. Akwai kuma 'yan rahoto irin su BIM da PUMA da NOXA, masu kawo labarin cewa an yi ɓarna. In BAX da BAK suka huda injin, wani furotin da ke cikinsa mai suna saitokurom c ya zubo, sai furotin masu yanka da ake kira kasfes su farka: kasfes 9 ta tashi, ta tayar da kasfes 3, su shiga yanka. Ko a nan ma akwai masu riƙe hannun mai yanka, irin su XIAP.

Abin da mutane ke mantawa: BCL-2 mai yawa ba lallai ne ƙwaya ta zama a tsare ba. Ka ɗauki mai gadi. In ka ga masu gadi ɗari a ƙofar gida, kana iya cewa gidan nan ba ya shiguwa. Amma in kowannensu ya riga ya riƙe ɓarawo da hannu biyu fa? Ɓarawo na ɗari da ɗaya zai wuce salin-alin. Ƙwayar sankara sau da yawa haka take, BCL-2 ɗinta cike yake da BIM, kullum tana bakin rami. Shi ya sa yawansa kaɗai ba ya faɗar komai. Haka libin ɗin da Dakta ta ambata: in kasfes ta gutsure masa kai, guntun da ya rage juyawa yake yi ya koma mai kisa.

Uban Mai Jinya:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, an sa ni a zauren nan ne saboda ɗana. Shekararsa biyar, watanmu na bakwai ke nan a kan magani. Ina ta karanta abin da kuke rubutawa gabana na faɗuwa. Ba wanda ya taɓa ce mini an auna masa wannan BCL ɗin. Abin da na sani, an ba shi wasu ƙwayoyi na mako guda, a rana ta takwas aka ɗebi jini, likita ta dawo tana murmushi. Bayan wata guda aka sake huda ƙugunsa aka ɗebi ɓargo, aka ce "ragowar cuta" ba ta fito ba. Dakta, don Allah ki faɗa mini gaskiya, akwai awon da aka tsallake mana ne?

Likitar Yara:
Wa alaikumus salam. Baban yaro, ka kwantar da hankalinka, ba a tsallake muku komai ba. Ba a auna BCL-2 don yanke tsarin maganin yaro mai ALL, ko a manyan cibiyoyin Amurka da Turai ba a yi. Abu biyun da ka ambata su ne ainihin ma'aunin, kuma yadda ka faɗe su labari ne mai daɗi. Ba zan yi magana a kan fayil ɗin da ban gani ba, likitarsa ita ta san sauran, amma ka ci gaba da yi mata irin waɗannan tambayoyin. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa.

Ƙanina ɗalibi, ka buɗe kunne, don Baban yaro ya ba ka amsar maƙalarka bai sani ba. Ƙwayoyin mako gudan nan furedinisolon ne. Yadda yake kashe ƙwayar ALL shi ne ya shiga ya tayar da BIM. Ƙungiyar likitocin Jamus da ake kira BFM, wato Balin da Frankfurt da Münster, su suka gano tun a shekarun 1980 cewa in aka ba yaro furedinisolon kwana bakwai, aka ƙirga ƙwayoyin sankara a jininsa a rana ta takwas, wanda nasa suka sauka ƙasa da 1000 a maikurolita guda ya fi samun warkewa nesa ba kusa ba. Kusan yaro ɗaya cikin goma ne ba ya sauka. To me aka auna a nan in ba afoftosis ba? An auna BCL-2 da MCL-1 da BIM da BAX da kasfes duka a lokaci guda, a cikin jikin yaron, da maganin gaske, har da yadda hantarsa ke sarrafa maganin. Kuma da gilashi da rini da madubi kawai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma da ido ake ganin Larabar, ba da ƙirga gajimare ba.

Uban Mai Jinya:
Alhamdu lillahi. Na gode Dakta, wallahi kin sauke mini dutse. Allah ya saka da alheri.

Sista ta Ɗakin Yara:
Amin. Baban yaro, sannu da ƙoƙari, mun san abin da kuke gani. Mu da ke kwana da su muna ganin wannan mutuwar ƙwayoyin da idonmu. Yaro ya zo ciki a kumbure, saifa ta sauko har kusan cibiya, kaluluwa a wuya kamar an jera tsakuwa. Kwana huɗu biyar da fara magani ka taɓa cikin ka ji ya saki. A ranakun nan ne kuma ba ma runtsawa, don ƙwayoyin da suka mutu tare suna zubar da abin cikinsu a jini, fotashiyam da fosfet da sinadarin yurik, ƙoda na iya tsayawa. Shi ya sa muke ɗaura ruwa ba ƙaƙƙautawa, a ba da alofurinol mai rage sinadarin yurik, muna auna fitsari muna rubutawa kowane lokaci. Iyaye kan ji haushi in na tashe su ƙarfe uku na dare ina tambayar kwalbar fitsari. Daga baya fuska ta kumbura, ga yunwa da tsakar dare, ga rigima ba dalili, duk aikin furedinisolon ne, kuma yana wucewa.

Mai Bibiya:
Ni dai wannan kalmar "hasashe" ce ba ta kwanta mini ba. Rai a hannun Allah yake. Yaya za a duba kwalba a ce wannan zai rayu wancan ba zai rayu ba?

Likitar Yara:
Malam, ba mu ce haka ba, kuma duk likitan da ya ce maka haka ya wuce gona da iri. Ba a faɗar makomar yaro guda. Abin da ake faɗa shi ne, cikin yara ɗari masu irin wannan alama, kaza ne cutar ta dawo wa da aka ba su magani kaza. Amfaninsa ɗaya ne: a san wa za a ƙara wa magani, wa za a rage wa. Magungunan nan ba ruwan sha ba ne. Daunorubisin na iya raunana zuciya bayan shekaru, deksametason na iya kashe ƙashin ƙugu, musamman ga matasa. In yaro zai warke da kaɗan, zalunci ne a ɗora masa mai yawa.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Haka ne. Ɗaure raƙuminka ne, sannan ka yi tawakkali. Dakta, ita "ragowar cutar" fa, ki ɗan buɗe mana.

Na Ɗakin Gwaji:
Baba, bari in karɓa mata, aikina ne. Ran da aka gano cutar, ƙwayoyin sankara a jikin yaro kan kai kimanin tiriliyan guda. Bayan wata guda na magani, in muka duba ɓargo da madubi muka ga ba su kai 5 cikin 100 ba, sai a ce cuta ta lafa. Amma a wannan halin ana iya samun biliyoyi a ɓoye, ido ba ya kai wa nan. Fulo ko PCR na iya tsinto ƙwaya ɗaya cikin 10,000. In a ƙarshen watan farko, rana ta 29 a tsarin Amurka ko ta 33 a tsarin BFM, ragowar ta yi ƙasa da 0.01 cikin 100, wannan ita ce alama mafi ƙarfi da ake da ita a yau. Duk wani sabon furotin da aka ce yana hasashe, tambayar farko da za a yi masa ita ce: me ka faɗa mana wanda ragowar cuta ba ta riga ta faɗa ba? Yawancinsu a nan suke yin shiru.

Ɗan Aji Biyar:
To ni yanzu kun rushe mini maƙala gaba ɗaya. Ke nan duk wannan bincike na shekara talatin aikin banza ne?

Mai Haɗa Magani:
A'a, a nan kam zan ja da Dakta da Malam, don na ga suna neman binne abin da ransa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, na yarda. To ai ta yi.

Tarihin BCL-2 kansa ya isa misali. A tsakiyar shekarun 1980 Tsujimoto da Croce suka gano shi a wata sankarar kaluluwa ta manya, inda kuromosom, wato ƙunshin kayan gado, na 14 da na 18 suka yi musayar gutsure. A 1988 Vaux da Cory da Adams a Melbourne ta Ostireliya suka nuna cewa ba sa ƙwaya yawan haihuwa yake yi ba, hana ta mutuwa yake yi. Sabon tunani ne a lokacin. Daga nan aka yi ta neman maganin da zai shiga aljihun BCL-2 ya fizge BIM daga hannunsa. Nabitokilas ya fara zuwa, amma yana kama BCL-XL shi ma, su kuma ƙwayoyin daskarar da jini da BCL-XL suke rayuwa, sai suka riƙa zubewa. Aka gyara aka fito da benetokilas mai kama BCL-2 kaɗai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 don wata sankarar jini ta manya, a 2018 kuma don AML, wani nau'in sankarar jini daban da ALL, a tsofaffi. A yara ana gwada shi ga waɗanda cuta ta dawo wa ko ta ƙi jin magani.

Sannan akwai awon da Anthony Letai ya ƙirƙiro a cibiyar Dana-Farber ta Bostan. Maimakon ƙirga masu gadi, sai a turo musu ɓarayi na gwaji, wato guntayen furotin irin na BIM, a ga nawa ake buƙata kafin injin ya huje. A 2011 suka nuna cewa ƙwayoyin da ke kusa da bakin rami su ne suka fi jin magani, har da na yara masu ALL. Da irin wannan awon aka gano a 2014 cewa wani nau'in ALL na fararen ƙwayoyin jini irin na T marasa ƙwari da BCL-2 ya dogara, sauran na T kuwa da BCL-XL. Wannan ba hasashen warkewa ba ne kawai, nuni ne ga maganin da za a ɗauko.

Likitar Yara:
Ban musa ba, Malam. Amma ka faɗa wa ɗalibin sauran: awon Letai yana son ƙwayoyi masu rai, sababbi, da ƙwararren hannu. Ka koma ka karanta labarin kwalbar da ta yini a tebur. Kuma har yau bai shiga tsarin raba yara rukuni-rukuni ba.

Mai Haɗa Magani:
Ragowar cuta ma ai da haka ta fara, a ɗakin bincike.

Likitar Yara:
Ta fara, amma sai da aka gwada ta a kan dubban yara, aka sauya magani bisa ita, aka ga sakamako, sannan muka miƙa wuya. Yawancin binciken furotin ɗin nan yara hamsin ne, tamanin ne, a cibiya ɗaya. ALL kuwa yanzu kusan 90 cikin 100 na warkewa a ƙasashe masu hali. In ka ɗauki yara sittin, wataƙila shida ko takwas ne cutar za ta dawo wa. Yaro biyu su sauya rukuni, sakamakonka ya juye. Shi ya sa Newcastle da Balin za su iya saɓawa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Akwai guda ɗaya da zan cire wa hula a cikin dangin nan, shi ne p53, wanda ke jin an lalata kayan gado ya tayar da PUMA da NOXA. Shi ma ba yawansa ake aunawa ba, lalacewar ƙwayar gadonsa ake nema, TP53 a kuromosom 17. A farkon cuta da wuya a same ta, amma in cuta ta dawo takan kai ɗaya cikin goma, kuma alama ce mai nauyi. Akwai wani nau'i da ƙwayar sankara ke zubar da kuromosom har su koma 32 zuwa 39 maimakon 46. Kusan 9 cikin 10 na waɗannan yaran TP53 ɗinsu a lalace take, kuma kusan rabinsu da ita aka haife su. Ka ga nan magana ta wuce yaron, ta shafi 'yan'uwansa da iyayensa.

Na Ɗakin Gwaji:
Akasin haka kuma, masu rarar kuromosom, sama da 50, suna cikin waɗanda suka fi warkewa. Mu a ɗakin gwaji mun san su da wahalar rainuwa, kana zuba su a faranti suna mutuwa da kansu. Abin da ke ba mu haushi shi ne abin da ke taimakon yaron. Jarirai 'yan ƙasa da shekara guda masu tsagewar ƙwayar gado ta KMT2A kuwa, an ga MCL-1 ɗinsu kan yi yawa, kuma furedinisolon ba ya cika kama su. Ka ga furotin ɗin na bayyana mana dalili, amma kuromosom da shekaru sun riga sun faɗa mana rukunin.

Ɗan Aji Biyar:
AML ta yara fa? Na ga wani rahoto na Jamus na 2004 da ya ce yawan XIAP na tafiya da ƙarancin rayuwa.

Likitar Yara:
Akwai shi, ka kawo shi a maƙalarka. Amma ka duba tsarin maganin AML na yau ka ga da me ake raba yara: kuromosom, lalacewar ƙwayoyin gado irin su FLT3, da ragowar cuta bayan zagayen farko. Shekara ashirin ke nan XIAP bai samu kujera ba. Kuma ka rubuta wannan da jan biro: alama ba ta tsayuwa ita kaɗai, da maganin zamaninta take tafiya. Kuromosom Philadelphia, musayar 9 da 22, a da in mun gan shi sai mu fara neman mai ba da ɓargo. Da maganin imatinib ya shigo, adadin masu warkewa ya ninka. Alamar da aka auna a 1996 an auna ta ne da maganin 1996.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Ni wata 'yar ƙorafi gare ni, ta harshe. Tun ɗazu kuna "ƙwaya, ƙwaya". Ƙwayar halitta, ƙwayar gado, ƙwayar magani, ƙwayar cuta. Baban yaro ya ce an ba ɗansa ƙwayoyi, Malam ya ce ƙwayoyi sun mutu a kwalba. Me ya hana mu ce tantani ga ta halitta?

Sista ta Ɗakin Yara:
Baba, in na ce wa uwa tantanin ɗanta ne ya lalace, kunnensa za ta duba.

Shugaban Zaure:
Baba Malam, a buɗe wa wannan nasa zaren daban, yana da daɗi amma zai ɗauke mu. A ci gaba.

Uban Mai Jinya:
Tambaya ɗaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. Tunda an ce ragowar ba ta fito ba, me ya sa za mu ci gaba da magani har sama da shekara biyu? Yaron ya gaji, mu ma mun gaji. Wani lokaci in ya yi barci bai sha na dare ba, tausayi kan hana ni tashinsa.

Likitar Yara:
Baban yaro, don Allah ka tashe shi. "Ba ta fito ba" na nufin na'ura ba ta gani ba, na'urar kuma iyakarta ɗaya cikin 10,000. Waɗanda suka rage su ne masu taurin kai da muke ta magana a kansu tun safe, wasu a kwance suke ba sa rabuwa, sai sun motsa magani ke samun su. Makaftofurin na kullum da metotireset na mako-mako su ke tsare ƙofa har su ƙare. Binciken ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Amurka ya nuna cewa yaran da ke shan ƙasa da 95 cikin 100 na makaftofurin ɗinsu, haɗarin dawowar cuta a gare su ya ninka fiye da sau biyu. Wato tsallake kwana biyu a wata ya isa ya fitar da yaro daga layi. In lokacin ne ke ba ku wahala, ka gaya wa likitarsa ku tsayar da sa'ar da ta fi muku sauƙi, ku riƙe ta kullum. In kuma zazzaɓi ya taso, ko tsakar dare ne, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye.

Uban Mai Jinya:
In sha Allahu ba zan ƙara tsallakewa ba. Yanzu ma na sa ƙararrawa a waya.

Ɗan Aji Biyar:
Anti Dakta, na sauya kan maƙalar. Zan fara da rana ta takwas, sannan in koma baya in nuna abin da ke faruwa a cikin ƙwayar, in jera binciken nan huɗu da suka saɓa, in rufe da awon Letai da benetokilas. Malam na ɗakin gwaji, in ka yarda zan ba da labarin kwalbarka, ba zan faɗi wuri ba.

Na Ɗakin Gwaji:
Ka bayar. In kana da lokaci ranar Laraba ka zo da rigarka, akwai gilasan rana ta ɗaya da ta takwas da muke ajiye wa ɗalibai, ka ƙirga da kanka. Ka zo kafin ƙarfe goma, bayan nan madubin ba ya samuwa.